Ƙaramar mota mai ƙofa uku a Damagaram: wa za ta yi wa, kuma wacce za a ɗauka?

Wanda ya tara ƴan kuɗinsa yana son ya sauka daga babur ya hau ƙafa huɗu, in ya fara zagayen dillalai a Damagaram ba zai daɗe ba zai ci karo da ƙananan motocin nan masu ƙofa uku: ɗaya ta direba, ɗaya ta mai zaman gaba, ta ukun kuma murfin baya ne da ake ɗagawa a zuba kaya. Sau da yawa kuɗinsu bai kai na ƴan uwansu masu ƙofa biyar ba, alhali injin ɗaya ne, tsawon ɗaya, shekarar ƙirar ma ɗaya. Ragin yana jan hankali, kuma dillali zai ce maka ai duk mota ɗaya ce. Ta fuskar inji gaskiya ya faɗa. Inda zancen ya rabu shi ne kujerar baya, da mutanen da za su riƙa zama a kanta.

Turawan da aka ƙera wa motocin nan galibi mutum ɗaya ne ko biyu a cikin mota, daga gida zuwa wurin aiki. Mu kuwa motarka ba taka kai kaɗai ba ce. Ranar suna, ranar ɗaurin aure, ranar gaisuwar rasuwa, ko ka taso daga masallacin Juma'a, akwai wanda dole ka rage wa hanya. A ce an tashi daga gidan ta'aziyya a Birni, matarka tana gaba, sai ga gwaggonka da wata tsohuwa maƙwabciyarta. Matarka za ta sauka, ka zagayo ka ja mariƙin da ke kafaɗar kujera, kujerar ta kife ta zame gaba. Ramin da ya buɗe shi ne hanyar shiga. Sai mutum ya duƙar da kai, ya ɗaga ƙafa ya tsallake dokin ƙofa, ya kauce wa bel ɗin da ke rataye a gefe, ya juya jikinsa a ciki sannan ya zauna. Gwaggo ka ba ta gaba, wannan ba sai an faɗa ba. To ɗaya tsohuwar fa, mai ciwon gwiwa, da zane da lulluɓi? Za ta leƙa ta ce, "A'a ɗan nan, Allah ya yi albarka, bar ni in nemi adaidaita." Kai kuma ka tafi da nauyin abin a zuciyarka. Wanda yake da tsofaffi a gida da yake kaiwa asibiti, ko mai iyali da yara suka fara tasawa, ya tsaya nan ya ƙara kuɗi ya ɗauki mai ƙofa biyar. Ba na ganin akwai ragin da zai biya wannan.

Sai zafi. A watan Afirilu da Mayu rana takan wuce digiri 40 a garin nan, kuma tagogin baya na mai ƙofa uku ba sa sauka. Wasu a liƙe suke ɗungurungum, wasu suna ɗan buɗewa ta gefe, faɗin yatsa biyu ko uku. Motar da ta yini a rana a bakin Kasuwar Dole, wanda ya shiga bayanta sai ya jiƙe sharkaf kafin iskar tagar gaba ta iso shi. Saboda haka a wannan irin mota kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, ba kayan alatu ba ne. Abin lura, yawancin ƙananan motocin da suka fito daga ƙasashen Turai masu sanyi an saye su tun farko ba kilim, musamman masu ƙofa uku, tunda su ne na masu neman araha a can ma. Kada ka yarda da ganin maɓalli a gaban mota. Ka buɗe gaban injin a nuna maka kwamfireso da bututunsa, ka kunna da tsakar rana motar tana tsaye, ka ba ta minti goma. In aka ce maka "gas kawai za a ƙara", ka ɗauka akwai inda yake yoyo, ka sa kuɗin gyaran a cikin ciniki.

Duk da haka ina ganin ana raina motocin nan fiye da kima, kuma akwai mutanen da su ne daidai da su. Malamar makaranta da ke zuwa aiki ita kaɗai ta biya ta sauke yara biyu, ma'aikacin asibiti, ɗalibi ko malami a Jami'ar André Salifou, saurayin da bai daɗe da aure ba, ɗan kasuwar da kullum yake tsakanin gida da shago. Yaro ƙarami in yana baya ba shi da ƙofar da zai buɗe mota tana tafiya, ba shi da tagar da zai zuro kai. Masu ƙofa biyar suna da makullin yara a jikin ƙofar baya, amma a tsofaffin motoci sau nawa ake samunsa yana aiki, kuma mutum nawa suka san da shi? Wata fa'idar da ba a cika faɗa ba: mai ƙofa uku ba ta yin taksi. Duk wanda ya je Yamai ya ga yadda ƙananan Toyota suke shan wahalar haya daga safe har dare. In irin waɗannan suka gaji, fenti ake yi musu su shigo kasuwa. Mai ƙofa uku ta tsira daga wannan tarihin, don haka sau da yawa kujerunta da ƙafafunta sun fi lafiya. Amma dalilin nan shi ne kuma zai sa ranar da ka tashi sayarwa masu tayawa su yi kaɗan. Ka saye ta da araha, da araha za ka rabu da ita, kuma za ta ɗan daɗe a hannunka.

A sani kuma cewa kusan duk mai ƙofa uku da ke kasuwa tsohuwa ce, domin yawancin kamfanonin sun daina yin su. Renault ta bar su tun Clio ta 2012, Volkswagen ta bar su da Polo ta 2017, Peugeot da 208 ta 2019, Toyota kuma Yaris ɗin da ta fitar a 2020 ƙofa biyar ce, in ban da ta tsere. Ga shi bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyakar Gaya, hanyar Kwatano ta toshe, kaya suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, tafiyar ta yi tsawo, kuɗinta ya ƙaru. Ke nan mai neman ƙaramar mota zai fi cin karo da wadda ta riga ta yi shekaru a hannun wani a cikin ƙasa. Wannan ya sa duba jikin mota ya fi sunanta muhimmanci, ko da yake sunan ma yana da nasa.

Huɗu zan kwatanta, domin su ne mai irin wannan aljihun ya fi haɗuwa da su: Toyota Starlet, Toyota Yaris ta farko, Peugeot 206, sai ƴan ukun nan da suke mota ɗaya da suna uku, wato Toyota Aygo da Peugeot 107 da Citroën C1.

Starlet ba ta buƙatar dogon bayani a Nijar. Samfurinta na ƙarshe an yi shi daga 1996 zuwa 1999, da inji mai lita 1.3 da ƙarfin doki 75. Ba ta da nauyi, ba ta da tarkacen lantarki, kuma da wuya ka sami garejin da ba a taɓa kwance ta ba. Matsalarta shekaru. Mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara 25, robobin ƙofa sun bushe, ƙura tana shiga ta ko'ina lokacin hunturu, wayoyi an yanka an ɗaura ba adadi. Injinta da bel yake tafiya, sai an riƙa canza shi a kan lokaci. In ka sami mai lafiya a hannun dattijon da ya riƙe ta da kyau, ka ɗauka, za ta yi maka hidima. Amma irin wannan sai an tona. Kada kuma a rikita ta da sabuwar Starlet da Toyota ta fara sayarwa a Afirka a 2020. Waccan Suzuki Baleno ce aka sauya wa tambari, ƙofa biyar gare ta.

Yaris ce ta gaji Starlet a 1999, kuma a kanta nake son in daɗe, don ita ce zaɓina. Tsawonta bai wuce mita 3.6 da ɗan kai ba, ta fi Starlet gajarta, amma an ɗaga rufinta ya kai mita ɗaya da rabi. Wannan tsayin shi ne sirrinta. Mutum yana zama a miƙe, mai hula ko mai ɗaurin ɗankwali ba ya gogar rufi, kuma shiga baya ta ƙofar gaba ya fi sauƙi saboda ba sai an duƙa sosai ba. Kujerar baya tana zamewa gaba da baya wajen santimita 15. In mutane ka ɗauka sai ka tura ta baya su miƙe ƙafa, in buhun gero ne ko jarkokin ruwa sai ka jawo ta gaba, wurin kaya ya tashi daga lita 205 zuwa 305. A garin da ɗaukar jarka ya zama aikin kullum a wasu unguwanni, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Agogon gudu da na mai suna tsakiyar gaban mota, ba a bayan sitiyari ba. Kwana biyu ido yake sabawa. Ita ce ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 2000, kuma a shekarar hukumar gwajin haɗari ta Euro NCAP ta ba ta tauraro 4 cikin 5. Daga 2001 aka fara harhaɗa ta a Valenciennes ta ƙasar Faransa, shi ya sa take da yawa a cikin motocin da ake kawowa daga can.

Injinanta na esansi da kaca suke tafiya maimakon bel, kuma kacar takan daɗe matuƙar ana canza baƙin mai. Akwai mai lita 1.0 da doki 68, akwai mai lita 1.3 da doki 86. A cikin gari, daga Zango zuwa Sabon Gari, ba za ka ji bambanci ba. Ranar da ka kunna kilim, mutum huɗu a ciki, ka hau hanyar Mirya ko ta Maradi kana son wuce babbar mota, ranar za ka gane abin da doki 18 ɗin nan suke yi. Ka nemi 1.3. Abu ɗaya da za a kiyaye: a Japan sunan motar nan Vitz, kuma sitiyarinta a dama yake. Akan kawo su a mayar da sitiyarin hagu. Wani juyin an yi shi da kyau, wani kuwa walda ce da ɗaure-ɗauren waya a ƙarƙashin allon gaba. In ka ga Vitz a rubuce a baya, ko ka ga waifa tana share ɓangaren mai zaman gaba fiye da na direba, ka sa bakanike ya leƙa sandar sitiyari da bututun birki da kyau.

Peugeot 206, wadda ta fito a 1998, ta fi su duka kyan gani, ta fi su tsawo, don ta kai mita 3.83, kuma ta fi su daɗin zama a doguwar hanya. Tana shanye gargada, tana riƙe kwalta, tankinta lita 50, wurin kayanta lita 245. Mutanenmu suna da tsohuwar ƙauna ga Fijo tun zamanin 404 da 504, kuma wannan ƙaunar takan sa a saya ba a duba ba. Amma 206 ba 504 ba ce. Daga 2001 fitilu da makullai da waifa da sauran kayan lantarkinta duk suna bi ta wani akwatin kwamfuta guda, wanda ba ya son ruwa, ba ya son a yi masa haɗin waya na gaba-gaɗi. In ya rikice sai ka ga fitila tana kamawa da kanta ko mota ta ƙi tashi, kuma ba kowane mai gyaran waya ne yake da na'urar karanta shi ba. Injinanta na 1.1 da 1.4 masu sauƙi ne, sai dai da bel suke tafiya, kuma in ya tsinke ana cikin tafiya bawul yake lanƙwasawa, aiki ya koma na kwance kan inji. Sannan akwai ciwon da aka san ta da shi a ƙafar baya. Ka tsaya a bayanta nesa kaɗan ka dubi tayoyin: in saman su ya karkata ciki kamar ƙafar mai gwame, boris ɗin ƙarfen da ke riƙe da su ya ci, kuma sau da yawa sai an canza ƙarfen gaba ɗaya. Yashi da lodi su suke gaggauta wannan. Wanda yake yawan zuwa Maradi ko Yamai, kuma yana da bakaniken Fijo da ya amince da shi, 206 za ta faranta masa. Wanda motar farko ce yake saya kuma ba shi da ajiyar kuɗin gyara, ban ba shi shawara ba.

Aygo da C1 samfurin farko, tare da 107, a masana'anta ɗaya aka yi su, a garin Kolin na ƙasar Cek, daga 2005 zuwa 2014. Fuska da fitilu ne suka bambanta, cikin ɗaya ne: injin Toyota mai silinda uku, lita 1.0, doki 68, shi ma da kaca. Su ne mafi ƙuruciya a cikin huɗun, mafi ƙanƙanta da tsawon mita 3.4, mafi ƙarancin shan mai. A lungunan Birni, inda katanga da duwatsu suke matse hanya, babu wadda ta kai su sauƙin juyawa. Amma an ƙera su ne da niyyar rage kuɗi ta kowace kusurwa, kuma yana nunawa. Waifa ɗaya ce a gaba. Murfin baya gilashi ne zalla, in ya fashe ƙofar ce ta tafi gaba ɗaya. Kujerar baya ta mutum biyu ce, bel biyu. Wurin kaya lita 139 ne, akwati ɗaya ya cika shi. Ko mai ƙofa biyar ɗinsu tagar baya ba ta sauka, don haka a nan bambancin ƙofa uku da biyar bai kai na sauran ba. Kulocin na farkon fitowa ba ya daɗewa, famfon ruwa yakan yi yoyo, kuma an san su da shigar ruwan sama ta robar baya. Wanda ya ga daminar 2024, wadda ta kai ga rushe tsohon masallacin Birni, ya san ruwa a garin nan ba abin rainawa ba ne. Ka ɗaga shimfiɗar baya ka duba ramin safaya ko akwai tsatsa ko warin danshi.

Maganar mai tana bukatar lissafi, don a nan ake yawan ruɗar mutane. A takarda Aygo tana shan lita 4.6 a kilomita 100, Yaris 1.3 wajen lita 6, 206 mai 1.4 wajen shida da rabi. A titinmu da kilim da yashi duk za su ɗara haka, amma tazarar tana nan kusan yadda take. A farashin da gwamnati ta sa a Yulin 2024, lita ɗaya ta esansi sefa 499 ce. Mai yin kilomita 20 a rana yana yin 600 a wata, bambancin Aygo da Yaris a wurinsa lita takwas da ɗan kai ne, bai kai jika biyar ba. Kuɗi ne, amma bai isa ya sa mutum ya haƙura da wurin zama da wurin kaya ba. Masu gazuwal kuwa, irin Yaris D-4D da 206 HDi, a bar su. A wannan farashin gazuwal sefa 618 ne, ya fi esansi tsada, kuma allurar mansu ba ta jure datti. Matatar SORAZ tana nan arewa da gari tun 2011, amma duk mun san ranakun da layi yake tsawo mutum ya koma wurin ƴan ruwa-ruwa, kuma man kwalba ba shi da tabbas. Haka nan a guji giyar nan mai canza kanta da ake kira MMT a Toyota, 2-Tronic a Peugeot, SensoDrive a Citroën. Giyar hannu ce aka ɗora wa ƴan injinan lantarki, in ta lalace gyaranta sai an sha yawo. Giyar hannu zalla ita ce ta garin nan.

Dukkansu huɗun da tayoyin gaba suke ja, kuma dukkansu cikinsu kusa yake da ƙasa. Kan kwalta zuwa Mirya, Magarya, Matamaye ko Tanut ba laifi. Yashin unguwa marar zurfi ma suna ratsa shi saboda rashin nauyi, in direba bai tsaya a tsakiya ba. Amma wanda gonarsa ko garinsu yake nesa da kwalta, inda motocin daji suka haƙa rami biyu suka bar tudu a tsakiya, zai riƙa barin salansa a hanya. Wannan ba maganar ƙofa ba ce, ajin motar ne gaba ɗaya bai dace da shi ba.

In ka tsai da shawara a kan mai ƙofa uku, akwai dubawar da ta keɓanta da ita. Ƙofarta ta fi ta mai biyar tsawo da nauyi, kuma ita kaɗai take ɗaukar shige da ficen kowa. Ka buɗe ta rabi, ka sa hannu biyu a ƙasan bakinta ka ɗaga sama. In ta motsa ta yi ƙwas, maratayinta ya ci, nan gaba sai an ɗaga ta kafin ta rufu, ƙura kuma ta sami hanya. Ka ja mariƙin kujerun gaba duka biyu sau uku-uku, ka ga suna kifewa, suna zamewa, suna komawa su kama da ƙarfi. Waya ce siririya a ciki, takan tsinke, kuma kujerar da ba ta kama ba haɗari ce ranar da aka taka birki da ƙarfi. Ka zauna ka jawo bel, domin a mai ƙofa uku yana can baya da kafaɗa, gajeren mutum sai ya murɗa jiki kafin ya kamo shi. Ka gwada buɗe ƙofar a wuri matsattse, kusa da katanga ko tsakanin babura, ka ga ko za ka iya fita. In zauren da za ka riƙa ajiye ta ƙarami ne, ka auna shi tun kafin ka biya.

Daga nan, kafin a yi sallama da dillali, ka je wurin masu sayar da kayan gyara ka tambayi kuɗin abu uku: kuloci, famfon ruwa, da gilashin ƙofar direba. Biyun farko ɗaya ne da na mai ƙofa biyar. Na ukun ba ɗaya ba ne. Ƙofar, gilashinta, injin da ke ɗaga gilashin, da tagar baya, duk na mai ƙofa uku dabam suke, ba sa shiga na waccan. In mai shago ya ce maka, "Alhaji, wannan sai dai a aiko daga Ƙofar Ruwa," wato Kano, ka tambaye shi kwana nawa da nawa ne, ka rubuta. A ganina ragin da ake yi maka a kan mai ƙofa uku ya kamata ya isa sayen waɗannan ukun har ya bar canjin cika tanki. In bai kai ba, ka nuna wa dillali takardar, ko ya sauko ko ka duba mai ƙofa biyar da ke gefenta. Lambar da aka buga a jikin ƙarfen mota kuma ka karanta ta da idonka, harafi bayan harafi, ka gwada da wadda ke takardar duwan da takardar mallaka, kafin kuɗi su bar hannunka.